Ranar da Na Jefi Tsaka a Dajin Washington

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na cire takalmi a gaban Farfesa ba. Ko na so in manta ma ba hali, don bidiyon yana cikin wayar kowa a danginmu, daga Silver Spring, inda nake zaune a Amurka, har Kano. Yau dai sakamako ya fito, na ci kwas ɗin (ku taya ni murna, wallahi ban zata ba), shi ya sa bakina ya buɗe zan ba ku labari.

Samistar da ta wuce na ɗauki wani kwas na yawon buɗe ido a dazuzzukan da ake killace namun daji. Kar ku ɗauka son dabbobi ne ya kai ni. An ce min babu lissafi a ciki, iyakar dalilin ke nan. To ranar farko Farfesa, wata dattijuwar Baturiya mai zuwa aji da takalmin hawan dutse kamar daga nan farauta za ta wuce, ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa zama kusa da namun daji. Sai na ga ajin gaba ɗaya ya waiwayo inda muke. Ni da Munira ne kaɗai 'yan Afirka. Ita Munira ƙawata ce, 'yar zangon Kumasi, kuma ta fi ni hankali, don sunkuyar da kai ta yi ta ci gaba da latsa waya. Ni kuwa uwar iyayi na ɗaga hannu.

Na ce musu tun ina yarinya rurin zaki ne yake tashina da asuba.

Kuma fa ban yi ƙarya ba. Gidanmu a Kano bayan gidan zu yake. Abin da ban faɗa ba shi ne zakin yana cikin keji, kuma tsakanina da shi akwai katanga, da titi, da garejin masu gyaran adaidaita sahu. Daga ranar na zama ƙwararriyar daji ta ajin. Aka nuna hoton biri, sai a kalle ni. Aka zo kan giwa, sai a kalle ni. Ni kuma in ta gyaɗa kai a hankali kamar ana maganar tsofaffin maƙwabtana. (Dabbar da na taɓa riƙewa da hannuna a duniya ita ce kaza, ita ma an riga an fige ta.)

Ana haka Farfesa ta sanar cewa a hutun bazara za ta tafi da ɗalibi ɗaya wani gandun daji a Kosta Rika, dajin gaske mai ruwa da birai da komai, kuma makaranta ce za ta ɗauki nauyi. Yadda za ta zaɓa: za mu je wani ƙaton gidan gilashi a cikin Washington inda aka ƙera daji a ciki, tsuntsaye da ƙwari da ƙadangaru suna yawonsu a sake, kowa ya ja ajin na ɗan lokaci a matsayin ɗan jagora. Wanda ya fi burge ta shi ne ɗan tafiya.

Kafin ta rufe baki na ɗora a sitatus: "Kosta Rika, ki shirya, babbar yarinya na tafe." Anti Rakiya, ƙanwar babana da nake zaune a gurinta, ta kai labarin har walimar suna a Gaithersburg. Mata suna ta ce min Allah ya kiyaye hanya, ni kuma ina amsawa da amin, ko kunya babu.

Farfesa ta yi mana gargaɗi da bakinta: kaya marasa nauyi, rufaffen takalmi, kuma kar wanda ya sa turare. Na ji, ba wai ban ji ba. Amma jama'a ku yi min adalci. Inda na taso, yaushe ake zuwa kallon dabbobi? Da Sallah. Wa ya taɓa ganin an shiga gidan zu da tsumma? Kayan Sallarka kake sawa, ka je ka tsaya gaban jimina a ɗauke ka hoto. Duk da haka da safen na gwada bin doka, na sa wando da wata riga mai hula. Anti ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ina za ki haka kamar mai zuwa kwashe shara?"

"Anti, daji za mu."

"To dajin ba mutane a cikinsa? Ke ce fa za ki yi jawabi. Wuce ki cire, kar ki ja a ce ba ki da kowa a garin nan."

Ba ta sha wahalar shawo kaina ba, gaskiya. Ta fito min da leshi ruwan zuma, ta turara shi a kan kasko har ƙararrawar hayaƙi ta fara ihu, ta shafe ni da humra tun daga wuya har gwiwar hannu. Na yafa gyale, na zura takalmi mai tsini da duwatsu masu ƙyalli. Na ɗau wanka, ba ƙarya. A jirgin ƙasa na Red Line wata tsohuwa har ta taya ni murnar aure.

Munira na ganina a bakin ƙofar gurin ta dafe kai. "Ei, ƙawa! Biki ake a ciki ban sani ba?"

Na miƙa mata wayata na ce ta bar surutu, idan layi ya zo kaina ta ɗauke ni ta tura gurup ɗin gidanmu kai tsaye. Farfesa kuwa ta shaƙi iska sau ɗaya, ta kalle ni ta saman tabarau. Na ɗauka burge ta na yi.

Muna shiga zafi ya rufe ni. Ba irin zafin Kano ba mai busar da mutum, wannan kamar an kifa ka a cikin tukunyar dambu. Kafin mu wuce bishiyar farko hoda ta fara gangarowa, leshi ya manne min a baya, tsinin takalmi yana ta maƙalewa tsakanin katakon gadar da ake bi. 'Yan aji suna ta "wow" a kan wani kwaɗo ja, ni ina neman inda iska take.

Sai kuma abin ya juya min da kyau. Malam-buɗe-littafi suka fara sauka a kaina. Ɗaya shuɗi, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya zauna a kafaɗata. Wani a gyale, wani a hannu. (Daga baya na ji wai gumi da ƙamshi ne suke jawo su. A lokacin ni na ɗauka baiwa ce.) Ajin ya kewaye ni da wayoyi. Wani yaro mai dogon gashi ya ce dabbobi sun san nasu. Na ce masa ai haka muke a gida. Daidai nan Farfesa ta ce layi ya zo kaina.

Na tsaya a tsakiyar gada, ƙasana tafki ne mai kunkuru da manyan kifaye. Munira ta saita waya. Na gyara murya na fara da abin da na haddace: cewa a gandun daji kai ne baƙo, dabba ita ce mai gida. Ba ka taɓa ta, ba ka tsorata ta, ba ka ɗaga mata murya. Na ga Farfesa tana gyaɗa kai. Wallahi har na fara tunanin akwatin da zan ɗauka.

Na miƙa hannu zan dafa ƙarfen gada, sai na ji wani abu mai sanyi ya taka min yatsa. Na duba.

Tsaka.

Koriya ce shar mai ɗigon ja a baya, wai 'yar wani tsibiri ce can, ana ji da ita. Ni duk ban ga wannan ba. Na ga ido, na ga tafin ƙafar nan mai mannewa, na san tsaka ce. Mu kuma a gidanmu tsaka ba ta kwana. Tun muna yara Hajiya Kaka ta horar da mu: ka gan ta, ka cire takalmi, tambaya daga baya. Ba a shawara da ƙwaƙwalwa, ƙafa da hannu ne suke gama aikinsu.

Na kurma ihu, "A'uzubillahi! Tsaka! Ku kashe ta!" Da Hausa fa, a tsakiyar Washington. Kafin in dawo hayyacina takalmin dama yana hannuna, kafin Munira ta ce "ƙawa kar ki" ya bar hannun.

Ban same ta ba. Ko kusa. Tsakar ta ɗan matsa gefe ta tsaya tana lasar idonta. Takalmin ya daki reshe, tsuntsaye suka watse, malam-buɗe-littafina duk suka tashi suka bar ni, sannan ya faɗa tafki, tsulum. Kunkuru ɗaya ya yi iyo ya zo yana duba duwatsun takalmin.

Ga ni tsaye ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, gyale ya zame, hoda ta yi min layi-layi. Wasu 'yan firamare da aka kawo kallo suka bar dabbobi suka dawo kallona. Farfesa ta cire tabarau ta goge, ta ce a hankali, "Kina cewa dabba ita ce mai gida. Ci gaba."

Ban ci gaba ba. Wani ma'aikaci ya zo da doguwar raga ya kamo takalmin, ya miƙo min yana ɗigar ruwa da gansakuka, ya kuma roƙe ni cikin ladabi in jira 'yan ajinmu a waje. Ladabin nan ya fi mari ciwo. Haka na koma gida a jirgi, kowane taku takalmin yana cewa caɓal, ina warin tafki da humra a haɗe.

Ashe Munira ba ta tsayar da ɗauka ba, kuma ta tura kamar yadda na umarce ta (amana ke nan, Allah ya saka mata). Kafin in kai Silver Spring gurup ya kama da wuta. Ƙannena sun mayar da fuskata sitika. Anti ko sannu ba ta ce ba, tambayarta ɗaya: leshin bai taɓa ruwan ba dai ko? Sai ga saƙon murya daga Hajiya Kaka. Na ce yauwa, ga mai rarrashina. Na danna.

"Ke yanzu tsaka tana gabanki, kamu ɗaya, ki jefa ki kuskure? Abin da Amurkar ta koya miki ke nan? Tir."

Kosta Rika dai Munira ce ta tafi. Da ma ita ta yi jagorancinta lafiya lau da takalmin roba, ba wanda ta jefa. Sitatus ɗina na goge shi a hankali, amma matan Gaithersburg har yau in sun gan ni sai sun ce, "'Yar daji, an dawo lafiya?" Ita kuwa Munira kullum sai ta turo min hoton tsakar da ke kwana a saman gadonta a can, da rubutu a ƙasa: "Tana gaishe ki." In na gani, har ga Allah sai in ji Farfesa ta yi min gata.

Abin da na koya, in za ka yi kurin ka san daji, ka fara tabbatar da cewa babu dajin da jirgin ƙasa zai iya kai ka daga inda kake. In kuma aka ce ka sa rufaffen takalmi, ka sa mai igiya, ka ɗaure shi tamau. Kafin ka kwance, hankalinka ya dawo.