Yaƙin Soket Mai Baki Huɗu

Wannan shi ne tarihin Malam Ashiru ɗan Barau, ɗan Maikano, ɗan Jibo mai baƙin rawani, wanda masu ruwaya suka ce ya taɓa riƙe wa wani falke raƙumi shekara uku bai ɗora ƙafa a kansa ba ko sau ɗaya. Zuriyar amana ke nan, gidan da ko allura aka ba su ajiya ba ta dawowa da tsatsa. Ashiru dodon 'yan aji uku, mai alli a aljihu, mai taswirar duniya a ka, malamin labarin ƙasa a wata makaranta da ke Tudun Jukun a Zariya, wanda ya san tsawon kogin Nilu da zurfin Bahar Maliya, ko da yake shi kansa bai taɓa wuce Kaduna ba.

A shekarar da al'amarin ya auku, ƙanensa Sagir ya tafi aiki Doha, ya bar masa amanar mota. Ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta ya kusa shafar ƙasa, irin wadda aka ƙera don tsere kawai. Ƙofar zauren gidan kuwa babur kaɗai take ɗauka, shi ma sai an karkata shi. Saboda haka motar ta yada zango a waje, ƙarƙashin darbejiya, lulluɓe da tamfol har wata huɗu, Malam Ashiru yana korar awaki daga kanta safe da yamma. Bai iya tuƙi ba. Makullinta yana cikin akwatin takardun shaidarsa, a naɗe cikin hankici.

Ranar wata Lahadi, ana tsakiyar damina kuma makarantu suna hutu, wani matafiyi ya kawo ɗan akwati baƙi wanda bai fi sabulun wanki girma ba, da wayoyi biyu masu baki irin na kada, ɗaya ja ɗaya baƙa. Saƙon muryar Sagir ya biyo baya: "Yaya, ranar Juma'a ina tafe. Na san batirin nan ya yi sanyi. Wannan cajar ba ta gaggawa ba ce, kaɗan-kaɗan take ɗura masa wuta. Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ta samu kamar awa bakwai har fitilarta ta koma kore. Don Allah, Yaya, kada in zo a tura ni a gaban mutanen unguwa."

Sau tara jarumin ya saurari saƙon, a wata ruwayar sau goma sha ɗaya. Ya fahimci cewa idan aka tura jar mota ranar Juma'a, sunan gidan Barau aka tura, kuma a hannunsa.

Ran Litinin da hantsi masu wuta suka kawo wuta. Sai ma'abocin shaja'a ya miƙe, ya ɗaura ɗamara da tsohon rawani, ya jawo doguwar waya daga ɗakinsa, ta ratsa tsakar gida, ta tsallake turmi, ta bi ta zaure, ta fito fagen fama ɗauke da soket mai baki huɗu. Ya ɗaga bonet da bisimilla, ya danƙa ja a kan ja da baƙi a kan baƙi. Ya kifa wa cajar robar wanka saboda ruwan sama, ya huda ta don ya riƙa leƙen fitila. Fitila ta kama, ja wur. Ya koma ciki ya sha ruwa kofi biyu.

Bayan rabin awa ya fito duba sansani, ya tarar an ci garin.

A kan tabarma, a inuwar darbejiya, ga surukinsa zaune, Alhaji Shu'aibu, tsohon ma'aikacin reluwe, mahaifin matarsa Hindatu. Tiransifomar layinsu ta ƙone mako uku da suka wuce, kuma labari ya kai masa cewa an ga soket a waje a ƙofar gidan 'yarsa. Ya zo da rundunarsa cikin leda: waya babba, waya ƙarama, rediyo da tocila. Baki huɗu, dakaru huɗu. Filogin cajar Sagir yana kwance a ƙasa, an naɗe wayarsa da kyau an ɗora masa dutse.

Malam Ashiru ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. "Barka da hantsi, Baba."

"Malam, barka dai. Allah ya yi maka albarka da wannan tunani na fito da wuta waje. Na tarar da wani abu a jone, na duba ba a kiran kowa da shi, ba ya kama tasha, sai na ajiye maka shi."

"An kyauta, Baba," in ji dodon 'yan aji uku.

Dole a yi wa mai karatu bayani a nan, don kada ya zargi jarumin da tsoro. Mutumin da bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban surukinsa ba, wanda yake sauka daga babur tun daga bakin layi idan ya hango farar hularsa, wanda shekara tara bai taɓa furta sunansa ba, da wane baki zai ce masa cire wayarka? Da zaki ne a kan tabarmar, da an san yadda za a yi. Wuta ta ɗauke da azahar, Alhaji ya tattara rundunarsa cike da caji, ya ce sai gobe in Allah ya kai mu.

Ran Talata jarumin ya ɗauko makamin hikima. Ya yi niyyar ya ja hira a hankali daga gaisuwa zuwa damina, daga damina zuwa tsatsa, daga tsatsa zuwa inji, daga inji zuwa batir, har dattijon ya gane da kansa. Ya kai inji lafiya. A nan Alhaji ya karɓe, ya hau jirgin ƙasa daga Zariya, ya tsaya a kowace tasha har Ƙaura Namoda, ya ambaci sunan kowane direba da cutar da ta yi ajalinsa. Kafin jirgin ya dawo, an ɗauke wuta.

Ran Laraba ya kira agaji. Ya hau babur ya tafi kasuwar Sabon Gari, ya dawo da soket mai baki shida, yana lissafi a hanya cewa huɗu na Baba, ɗaya na mota, ɗaya kuma ajiya saboda ɓacin rana. Alhaji ya ga sabon soket, idonsa ya ciko da ƙwalla saboda kirkin surukinsa, ya aika aka kira abokansa biyu na sahun gaba a masallaci, su ma 'yan layin da babu wuta. Masu ruwaya ba su saɓa ba a kan wannan: Malam Ashiru da hannunsa ya jona musu wayoyin, har ya tambaya ko akwai saura.

Sai Alhamis, ranar da ba ta da wata bayanta. Hadari ya haɗo daga gabas, wuta ta zo da sassafe, dattawa uku suka yi sahu a kan tabarma, bayan ɗan lokaci gyangyaɗi ya ɗauke su. Ashiru na Barau, garkuwar gidan Maikano, ya zagaya ta bayan mota, ya kwanta rub da ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya yi kirarin yaƙi cikin raɗa don kada ya tashe su: "Sai ni jikan Jibo, yau ko kore ko kabari." Ya ja ciki kamu ɗaya, kamu biyu, ya wuce tayar baya, ya ratsa kashin awaki bai kauce ba, ya miƙa hannu zuwa ga tocila, mafi rauni a cikin rundunar. Yatsunsa sun taɓa filoginta ke nan Alhaji ya buɗe ido.

Dattijon ya dubi surukinsa kwance a gabansa, goshi a ƙasa. Ya taɓa abokansa. "Ku tashi ku ga tarbiyya. 'Ya'yan yanzu ko rusunawa ba sa yi, wannan kuwa kwanciya yake." Suka ɗaga hannu su uku suka shiga sa albarka, ta kansa, ta iyayensa, ta zuriyar da ba a haifa ba tukuna, shi kuma yana amsa amin daga ƙasa, bakinsa da yashi.

A haka Hindatu ta fito da kwanon fura. Ita ce auta a gidansu, kuma auta ba ta san wannan yaƙi ba, don babu wanda ya gaya mata ana yi. Ta dubi mijinta, ta dubi filogin da ke ƙarƙashin dutse.

"Baba, wannan fa na motar Sagir ne, gobe zai dawo. Cire tocilar nan taka, ai ta cika tun shekaranjiya."

"To, ai da an faɗa mini," in ji Alhaji. Ya cire tocila, ya jona cajar da kansa. "Malam, kai ma da kana nan kullum, ba ka lura ba?"

"Ban lura ba, Baba."

Wuta ta tsaya ranar ba a ɗauke ba, abin da tsofaffin unguwa suka ce ba su taɓa gani ba. Dab da magariba jarumin ya leƙa ta hudar roba, ya ga kore.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Sagir ya iso. Unguwa ta taru. Aka yaye tamfol, aka warware hankici. Sagir ya lanƙwashe ya shiga, ya murza makulli, jar mota ta yi gurnanin da ya tashi tattabarun layi uku, ya sa awaki suka watse har bakin kwalbati. Malam Ashiru ya tsaya ƙiƙam, hannu a baya, yana jiran abin da tarihi yake faɗa wa irinsu.

Sagir ya kashe motar, ya fito yana miƙa. "Madalla, Yaya. Ni dama na san babu wahala, jonawa ce kawai." Ya miƙa masa makullin. "An ƙara mini kwantiragi shekara biyu, jibi zan koma. Sai ka riƙa sa mata caji sau biyu a mako."

Malam Ashiru ya karɓa da hannu biyu, ya ce to. Sannan ya sunkuya ya fara jawo tamfol.