Randa Mai Tafasa

Yabon gwani ya zama dole. Duk ƙasar Gaya, kai har ka gangara Ajingi, ba a taɓa haihuwar mai haƙuri irin Maiwada dillalin gyaɗa na Kademi ba. Wannan ba jita-jita ba ce. Daga bakinsa muka ji, kuma kullum sai ya tuna mana don kada mu manta. Shi ya raɗa wa kansa suna Randa, wai ko a tsakiyar bazara cikinsa sanyi ƙalau. Mutanen gari, da yake ba su da ta ido, suka ƙara masa da Mai Tafasa.

Asalin abin wa'azi ne ya ji a Gaya wata ranar kasuwa. Malamin ya ce idan fushi ya zo maka kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kwanta. Kowa ya ɗauki nasihar ya kai gida ya yi aiki da ita shiru. Maiwada kuwa ya sayi buzu, ya mai da ita sana'a.

Ka taka masa buhu a kasuwa, sai ka ga an shimfiɗa buzu.

"Jama'a ku shaida!" in ji shi. "Da wani ne, da yanzu an ga jini. Ni kuwa ga ni zaune."

In ba ka ba da haƙuri ba sai ya miƙe a ƙasa, ido jajawur, jijiyar wuya ta tashi, ya ci gaba daga kwance: "Na yafe maka, ɗan marasa tarbiyya. Na yafe wa uban da ya kasa koya maka tafiya. Kai, har kakanka na yafe wa!"

Haka zai bi danginka ɗaya bayan ɗaya da yafiya har sai ka gwammace mari. Matarsa Barira ce kaɗai ta san inda fushin da aka haɗiye yake fita. Da ta hango ƙasa a bayan rigarsa sai ta kwashe kwanukanta, ta kore kaji, ta ce wa jaki Allah ya ba shi sa'a.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, dagaci ya ce ya tsufa da raba rigimar gonaki, yana neman wakilin sulhu da zai naɗa wa rawani. Maiwada ya ji ai da shi ake. Rawanin nan ya shiga ransa ƙwarai, har ya aika wa surukansa na Toranke su fara shirin zuwa naɗi. Dagaci dai ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, ya ba shi shari'ar ɗorawa.

Ɗorawar tana kan iyakar gonar Mala, Babarbare, da ta Bubayero, Bafillace. Abokan wasa ne tun kakanni, amma rigimar wa ke da kalwar bishiyar ta sa sun yi damina biyu ko gaisuwa ba sa yi.

Ranar zama aka taru a gindin bishiyar, har da dagaci. Maiwada ya gyara murya.

"Fushi, 'yan'uwa, baƙo ne. Ni da kuke gani, rabona da shi tun kafin a yaye ni."

"To Malam Randa," in ji Mala, "mu maganar kalwa ta kawo mu."

Aka shimfiɗa buzu, Maiwada ya zauna. Bubayero ya ce shi fa shanunsa na jiransa, in tarihin yaye za a yi a sallame shi. Maiwada ya kwanta. Daga kwancen ya ci gaba da jawabi yana kallon rassa, cinnaku na hawa masa ƙafa, jama'a na ƙunshe dariya. Tsakani da Allah ranar ya ba ni tausayi, don ya daure. Bai yafe wa uban kowa ba. Rawani ya zo masa har goshi.

Dagaci ya ji daɗi, ya gyaɗa kai. "Madalla, Maiwada. Rabona da ganin haƙuri irin wannan tun marigayi Kabo majemi. Ko da yake, Allah ya jiƙansa, shi Kabo ya ɗan fi ka."

Ba wanda ya ga tashin Maiwada. Sai dai aka gan shi tsaye, hula a ƙasa.

"Wane Kabo? Kabon da na sani? Ranka ya daɗe, uban wa ya fi ni haƙuri a garin nan? A tono shi a gwada mu!"

Ya naɗe buzu ya yi kan dagaci da shi. Mala ya cafke shi ta ƙugu, Bubayero ya kwashe ƙafafu, suka kai shi ƙasa suka zauna a kansa, yana wutsil-wutsil yana rantsuwa shi ba fushi ya yi ba.

"Riƙe da kyau, bawana," in ji Mala yana haki.

"Wa ye bawanka? Bari mu gama da wannan, in sa ka ɗauko min takalmi," in ji Bubayero.

Suka dubi juna, sai dariya ta ƙwace musu. Nan a bisa bayan Maiwada suka shirya: bana Mala ya ɗebi kalwa, baɗi Bubayero. Aka yi fatiha.

Da ƙura ta lafa, Maiwada ya karkaɗe riga, ya matso a ladabce ya tambayi ranar naɗi, tunda dai kowa ya ga ta dalilinsa aka sulhunta.

"Gaskiyarka," in ji dagaci, "amma wannan aikin ba ya bukatar rawani. Duk ran da rigima ta tashi za mu aika a kira ka, mu yabi wani a gabanka."