Jelar Wayar Kaka

A gidan nan, duk mai son ya ga Kaka ta tsuke baki, sai ya ce mata, "Kaka, ƙara murya."

Asalin maganar wata ranar Asabar ce, falo cike da 'ya'ya da surukai. Kaka ta ciro sabuwar wayar da jikanta ya saya mata, ta cusa iyafis a kunnuwa biyu, ta danna wani saƙon murya da ya turo mata tun safe. Wayar irin ta yanzu ce, ba ta da ramin iyafis, sai an haɗa da 'yar guntuwar adafta a bakin caji, wadda Kaka ke kira jela. Ashe jelar ba ta shiga ba. Sai ga muryar jikan ta fito ta sifika, tar: "Kaka, wannan magana daga ni sai ke. Yarinyar nan ta kemis ɗin bakin titi..."

Ita kuwa kunne a toshe, can nesa take jiyo shi. Ta dinga ƙara murya tana cewa, "Yaron nan ba ya cin abinci ne?" Kafin wani ya kai hannu, har maƙwabta sun san yana son mai sayar da magani, kuma yana roƙon Kaka ta je ta ga gwaggon yarinyar. Shi kansa mai saƙon yana tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a hannu.

Jikan mai gyaran wutar lantarki ne, 'yan gida suka ɗaga masa muƙami suke ce masa Injiniya. Kaka ta je ta ga gwaggon, ta kuma yi rantsuwa ba za ta sake buɗe saƙo ba sai jela ta zauna daram. To, yau da hantsi gwaggon ta turo amsa, saƙon murya mai minti huɗu, ita kuma jela ta yi ɓatan dabo. Bayan la'asar Injiniya ya faɗo ɗakin Kaka da ƙurar siminti a gira.

"...Ya gida, ya ƙafar?"

"Ƙafa tana inda ka bar ta. Zauna, maigidan da ba ya cefane."

"Wa ya ce ba na cefane? Ga shi."

Ya miƙa mata wata 'yar leda. Ta ɗaga ta a haske tana juyawa.

"Mazan kirki na shigowa da kaya niƙi-niƙi, nawa ya shigo da jelar ɓera."

"Ta huɗu ke nan, tsohuwa. Ta farko kujera ta haɗiye. Ta biyu kika ƙulle ta a bakin zani aka wanke su tare."

"Ta uku fa? Faɗi ta ukun, tunda lissafi ka zo yi."

"Ta uku dai kika ce tana cikin gwangwanin zare."

"Ai can na ajiye ta. Ka taɓa ganin abin da ya shiga gwangwanin nan ya fito a ranar da ake nemansa? Kuma ka tsallake wadda ka kawo wayar ta ce ba ta san ta ba. Jela da waya, wai ba sa ga maciji."

"Wannan ba a ƙirga ta, na mayar."

"Ni na ƙirga. Tsohuwar wayata ƙofa biyu gare ta, mai kawo abinci ta nan, mai kawo magana ta nan, ba wanda ke taka ƙafar wani. Kai ka ɗauke ni ka kai ni gida mai ƙofa ɗaya."

"An cire ramin ne don ta yi siriri, kuma kada ruwa ya shiga."

"Na ce maka wanka zan yi da ita? Siriri! Kai ma ga ka nan siriri, me ka tsinana wa mutane?"

"Ni dai sirantar ce ta sa kika maƙale min shekara talatin."

"Tausayi ne. Na duba na ga in na bar ka ba mai ɗauka."

Injiniya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, idonsa na kan wayar da ke bisa filo. Ya ɗauka, ya taɓa, ya dafe kai.

"Kaka! Kashi biyu! Ba ki sa caji ba?"

"Kai ka ce kada in cire jela don kada ta ɓata. Na bar ta a ciki kwana biyu, caji bai samu ƙofa ba. Na cire na sa caji, kafin in juya jela ta yi nata wuri. Da na ga haka sai na yi fushi na zare cajin ma."

"Da wa kika yi fushin?"

"Da ku duka."

Ya laluba bayan gado ya jawo caja, ya soka. Ya dubi jelar a hannunsa, ya dubi bakin wayar da cajar ta riga ta cika, ya sauke ajiyar zuciya.

"To ga shawara. Tana cajin, mu rufe ƙofa, mu sa a sifika ƙasa-ƙasa."

"Ƙasa-ƙasa da kunnen wa? Nawa sai an ɗaga. In aka ɗaga kuwa, leƙa taga ka gani. Innarka da ƙannenka suna nan tun hantsi suna yankan albasa ɗaya."

Ya ɗan ɗaga labule. Kawuna uku suka sunkuya kan faranti a lokaci guda.

"To ba ni in kara a kunnena, ni kaɗai."

"Saƙon manya? In ta zage ka a ciki fa? In ta ce hancinka ya yi yawa? Ni zan tace, in ba ka ruwan, in zubar da tsakin."

"Hancin nan naki ne, gado na yi."

"A fuskata ya yi kyau. A taka ne ya rasa wurin zama."

Ya zauna a bakin gado yana murza jelar tsakanin yatsu. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In sun ce a'a fa, Kaka?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Sai ka ji daga bakina, ba daga bakin waya ba. Shi ya sa na hana ka." Ta ɗan buge shi a gwiwa da maficinta. "Kuma in sun ce a'a, ba ga ni ba? Sai mu ci gaba da wahalarmu."

"Wannan shi ne abin da nake tsoro."

"Ɗan banza."

Waya ta hau kashi uku. Injiniya ya tsura mata ido kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

"Da kin riƙe iyafis marasa igiyar nan da na kawo miki, da duk ba a yi haka ba."

"Ƙwayoyin nan biyu? Na sunkuya wanke hannu ɗaya ta faɗa bokiti. Ɗayar kuma ta wuni a kunnena na manta, wata mata ta dinga yi min turanci a ka, na ɗauka ƙarshena ne ya zo. Su ma wai sai an yi musu caji. Waya ta ci, kunne ya ci. Ni kaɗai ce ba a tambaya ko na ci."

"Ke da kike cinye rabon mutum uku."

"Da me zan sha maganin da kake jibge min? Buɗe durowar can. Maganin ciwon kai kwali tara. Kullum ka je kemis ka ce kakarka ba lafiya. Yarinyar nan ranar da ta gan ni ina tafiya da ƙafata sai da ta yi salati."

"Kulawa ce."

"Ba mai ciwon kai a gidan nan sai wanda kai ka sa masa."

Da ta kai kashi shida, haƙurin Injiniya ya ƙare. Ya zare caja, ya soka jela, ya haɗa iyafis, ya duba sau biyu, ya sake dubawa. Kaka ta gyara ɗankwali, ta cusa su a kunne, ta yi bisimilla, ta danna. Nan take ta yamutsa fuska.

"Ƙarar soya mai nake ji."

"Bakin wayar ne ya saki, yawan sakawa da cirewa. Bari in danne."

Ya sa yatsa ya tura jelar gefe guda.

"Yauwa, ta fito. A'a, ta koma. Ƙasa kaɗan. Nan! Kada ka motsa."

Igiyar gajera ce, gadon kuma mai tudu. Dole Injiniya ya durƙusa a gabanta, hannu biyu a kan waya, wuya a karkace.

"Allah na gode maka," in ji Kaka. "Na ga ranar da maigida ya durƙusa min."

"Me take cewa?"

"Tana gaishe ni."

"Sai kuma?"

"Tana tambayar ƙafata."

"Kaka, kashi biyar."

"Yanzu tana ba ni labarin tata ƙafar. Ashe ita ta hagu ce. Wai wani man shafawa..."

"A tura gaba mana!"

"In katse babbar mace tana magana? A ina aka yi maka tarbiyya? Ka ga, hannunka na rawa, muryarta na yankewa. Haka kake riƙe wayar wutar mutane? Shi ya sa fankar falo ke juyawa baya."

"Kashi huɗu."

"Shiru. Ta zo kan maganar."

Ɗakin ya yi tsit. A waje ma wuƙa ta daina taɓa faranti. Kaka ta runtse ido, ta ɗan karkata kai, fuskarta ba ta nuna komai ba. Gumi ya gangaro daga girar Injiniya ya ɗiga a kan gilashin wayar, bai iya ko sharewa ba. Yatsansa ya yi fari don dannawa. Ta ce "Uhm." Ta sake cewa "Uhm." Ta kama haɓa.

Wanda ya toshe kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Kaka ta buɗe baki da niyyar raɗa, abin da ya fito kuwa sai da ya girgiza labule:

"SUN YARDA! TA CE MAHAIFIN YARINYAR YA CE A ZO A GAISA RANAR LAHADI!"

Faranti ya kife a bayan taga. Shewa ta tashi, takalma suka nufo ɗaki a guje, wata na kiran wata a waya tun kafin ta iso. Injiniya ya saki jela ya zube zaune a ƙasa, yana dariya yana share ido da bayan hannu. Wayar ta yi ƙyaf ta mutu.

Kaka ta zare iyafis, ta dubi cincirindon da ke bakin ƙofa da mamaki.

"Wa ya gaya musu?"

"Yau kuma wa za ki ɗora wa, tsohuwa? Jela tana ciki daram, ni na riƙe ta da hannuna. Wuni guda kina gadin asiri, kika tashi kika yi shela."

Ta naɗe igiyar a yatsu a hankali, ta jefa ta cikin gwangwanin zare, jela da komai, ta rufe.

"Shekara talatin ina neman wanda zai karɓe ka daga hannuna," in ji ta. "Yau an samu, ka ce in yi raɗa? Tashi ka sa min caji, akwai sauran mutanen da ban gaya wa ba."