Ranar da na kulle intanet da kwaɗo

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin nan ba, kuma wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Gidan da muke haya a Kado bene ne mai hawa uku. Matata, Maman Ummi, shekara biyu tana neman aiki, sai ga shi an kira ta intabiyu ta bidiyo ƙarfe goma. Ɗakin sama kaɗai ke da shiru, amma intanet ɗin can sai ka dafa shayi ka shanye hoto ɗaya bai buɗe ba. Na bugi ƙirji na ce ta bar min komai.

Na je Garki na sayo na'urorin ƙara ƙarfin intanet guda biyu, na maƙala a hawa biyu na sama. Shiru. Kwana uku ina kiran kamfanin intanet ɗin ina zazzaga musu masifa. Mayaudara, azzalumai, babu sunan da ban kira su da shi ba (har da barazanar kotu, ni da ko lauya ɗaya ban sani ba).

Ranar Litinin ɗin, tara da rabi suka turo ma'aikaciyarsu, wata Madam Ladi. Ko ruwa ban ba ta ba. Na ja ta hawa-hawa ina faɗa, tana biye da ni tana kallon wayarta. Da na gaji ta ce, "Oga, ina rawutar take?"

To, a nan gizo ke saƙar. Kun san gidan mutum a Abuja masaukin dangi ne. Mai neman biza, mai ganin likita, kowa ya sauka sai ya juya bayan rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, ya kwashi lambar sirri, a kwana ana kallon fim. Don haka tun tuni na sa mai walda ya ƙera min akwatin ƙarfe mai kauri, na jefa ta ciki a ƙarƙashin matakala, na danna kwaɗo. Da alfahari ma na nuna mata.

Ta dubi akwatin, ta dube ni. "Oga, ni daga Kuje nake zuwa. Ko gidan yari na can ana bar musu taga. Ta ina netwok zai fita cikin wannan ƙarfe?"

Kunya ta rufe ni, sai na huce a kanta. Na ce ai aikinsu ne su gaya wa mutane! Ta ce, "Wa zai yi tunanin mutum zai yi haka? Kawo makulli."

Makulli kuwa na ɓoye shi ɓoyon da ni kaina ban san inda yake ba. Saura minti goma. Maman Ummi na tsaye a kan matakala, ta ci ado, kwamfuta a hannu, idonta ya ciko da hawaye. Kallon da ta yi min, da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da taɓarya na fasa kwaɗon, ina gumi, hulata a ƙasa. Madam Ladi ta ɗora rawutar a fili a hawa na tsakiya, nan take intanet ya cika gidan har sama. Matata ta shiga a makare da minti huɗu, tana ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba.

Aikin dai Allah ya ba ta. Ni kuma abin da na samu shi ne, duk ranar da na ɗaga murya a waya, sai ta leƙo ta ce, "Baban Ummi, ka tabbata dai ba kai ba ne?" Abin haushin, sau da yawa ni ɗin ne.