Haladu Na-Gani da Ƙarshen Ramuwar Tsalha

Wani mutum ne a unguwarmu a Funtuwa, sunansa Haladu, amma in ka ce Haladu kawai babu wanda zai gane, sai ka ce Haladu Na-Gani. Duk abin da aka ambata a duniya, shi ya gani. In an ce kasuwa ta ƙone a Legas, yana wurin. In an ce kifi ya haɗiye mutum a teku, shi ya riƙe wa mutumin takalmi. Amma duk waɗannan ƙananan gani ne. Babban ganin da ya ɗaga shi sama, shi ne ganin ƙarshen Ramuwar Tsalha.

Ga wanda bai sani ba, Ramuwar Tsalha wani tsohon fim ɗin Hausa ne na zamanin kaset, kuma in gaskiya za a bi, ban taɓa ganin fim marar kan gado kamarsa ba. Jinin da ke ciki zoɓo ne, har kanumfari ana hangowa. Gashin bakin mugun, Gambo Kura, na manne ne, yanzu yana kan leɓe, an jima ya zame ya koma kumatu. Akwai gawar da ƙuda ya dama, ta ɗaga hannu ta kore shi, ta mayar da hannun ta ci gaba da mutuwarta. Akwai akuyar da ta shigo ana tsakar waƙar soyayya ta kama cin gyalen jarumar. Ba wanda ya kore ta, da ita aka ƙarasa waƙar.

To, shi muke so. Duk Juma'a bayan la'asar gidan kallon Mudi cika yake yi maƙil, masu furfura da masu tashen gemu, direbobi da malaman makaranta. Kowa ya haddace shi. Kafin Tsalha ya buɗe baki ya ce, "Gambo Kura, yau ko ni, ko kai, ko asibiti!" ɗakin gaba ɗaya ya riga shi faɗa. Akuyar ma mun raɗa mata suna, Delu, in ta shigo miƙewa ake yi a gaishe ta. Sabbin finafinai masu kyan hoto sau ɗaya muke kallo mu manta. Wannan kuwa tsohon aboki ne, mun san duk aibinsa, shi ya sa muke sakewa da shi.

Matsalarsa ɗaya, ba shi da ƙarshe. Tsalha yana lilo cikin rijiya riƙe da igiya, Gambo Kura ya ɗora wuƙa a kan igiyar yana ƙyaƙyata dariya, sai hoto ya yi sama, ya yi ƙasa, sai shuuu! Shi ke nan. Duk kwafin da aka nemo, daga Kano har Sakkwato, nan yake tsayawa.

A daidai nan Haladu yake gyara murya.

"Ni na gani," in ji shi. "A Jos. Silima ɗaya, nunawa ɗaya. Daga nan aka ɓoye shi, don mutum biyu sun suma."

Sai ya zayyano yadda Tsalha ya cafke wuƙar da haƙori, ya taka bangon rijiya da gudu, ya faɗo bayan Gambo Kura, dim! Labarin kuma girma yake yi kamar ɗan mutum. Wata shekarar aka samu kada a cikin rijiyar. Wata shekarar kadan ya zama biyu. Daga baya har Delu ta dawo ta tunkuyi mugun.

Saboda wannan ganin Mudi ya ware masa kujerar gaba, ta roba mai hannu, kusa da fanka. Mu sauran sai benci. Mudi dama mutum ne mai sanyin hali, ko kaset ɗin bikin aurensa da Haladu ya ara ya ce ya faɗi a mota, bai taɓa tayar da maganar ba. Shayi kyauta, tsire kyauta, duk gardamar da ta tashi Haladu ke yankewa. Kuma ni dai har ga Allah wani lokaci tausayi yake ba ni. Ba shi da shago, ba shi da ko keke, a gidansa ma ba a neman shawararsa. Kujerar nan ita ce duk abin da ya mallaka, kuma ya san da haka.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da shi ba, Tukur tela. Shi ne kuwa ya shigo wata Juma'a yana murmushi har kunne.

"Jama'a, albishirinku. Alhaji Mamuda, wanda ya fito a Tsalha, yana nan da ransa. Zai zo ɗaurin auren ɗan ƙanensa Juma'a mai zuwa. Na yi magana da danginsa, sun ce zai leƙo ya kalli fim ɗin tare da mu."

Ɗaki ya kaure da kabbara. Aka juyo kan Haladu.

"Mamuda?" Haladu ya kurɓi shayi. "Ai abokina ne. Tare muka kalla a Jos, ƙullin gyaɗa ɗaya muka ci."

"Madalla," in ji Tukur. "Sai ku gaisa."

Haladu ya ce fankar ta yi masa yawa, ya tafi gida da wuri.

Ranar da baƙon ya iso, tun da hantsi Haladu ya zagaya bayan ɗaki. Matarsa Uwale tana da wani talotalo da take kiwo don Sallah, ƙato, mai tafiya kamar ɗan kwangila. Ya cusa shi cikin buhu, ya bi ta lungu har masaukin baƙi.

Ya tarar da Alhaji Mamuda a zaure, dattijo mai tumbi, da sanda a gefe, ƙafa ɗaya a miƙe. Haladu ya zube ya kwashi gaisuwa, ya tura buhun gaba. Buhun ya ce gulu-gulu-gulu.

"Ranka ya daɗe, wata 'yar tambaya ce. Ƙarshen fim ɗin nan, yaya aka yi?"

"Wane ƙarshe?" in ji Alhaji. "Igiyar ce ta tsinke da gaske. Na faɗa rijiyar. Mai ɗaukar hoto ya leƙo ya ga ko ina da rai, kyamarar ta biyo ni. Ka ga ƙafar nan? Ita ce ƙarshen fim ɗin."

Gumi ya karyo wa Haladu. Da ya ga babu mafita sai ya kwance masa komai, tun daga Jos har kujera.

"Ka rufa mini asiri, ranka ya daɗe. In suka tambaye ka, ka ce haka ne kawai."

"To faɗa mini, me na yi?"

Haladu ya faɗa masa. Alhaji yana saurare yana gyaɗa kai. Da aka zo kan kada ya ce, "Guda nawa?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Na kuwa yi ƙoƙari." Ya leƙa cikin buhun, ya auna nauyinsa da hannu. "Je ka, ka bar mini sauran."

Bayan la'asar ko wurin sa ƙafa babu a gidan kallon Mudi. Aka kawo wa Alhaji kujera aka ajiye kusa da ta Haladu. Gawa ta kori ƙudanta, aka yi tafi. Delu ta shigo, aka miƙe, Alhaji ma ya dogara sanda ya miƙe. Na ga yana share ido da bakin hularsa, ya ce bai san akwai sauran masu tunawa da su ba. Sai rijiya, sai wuƙa, sai shuuu!

Tukur ya tashi tsaye.

"Alhaji, don Allah ka raba mu da wata gardama. Wai ka cafke wuƙar da haƙori?"

"Ƙwarai. Ga gurbin haƙorin nan." Ya buɗe baki ya nuna wawulo.

"Kada fa?"

"Uku ne. Ɗaya kunya gare shi, bai fito a hoto ba."

Ɗaki ya ɗauka, "Kai! Kai! Kai!" Haladu ya kumbura har kujerar ta yi ƙara. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya dafa kafaɗar Alhaji.

"Na faɗa muku ko ban faɗa ba? Mamuda, gaya musu tsakanina da kai."

"Ai ba na ɓoye masa komai," in ji Alhaji.

"Kun ji ko? Komai!"

Tukur ya sosa ƙeya. Da gani ya sha kashi, amma tela ba ya barin zare a waje. Ya ce, "To Alhaji, mu ma muna so mu gani. Ina za a samu?"

Alhaji Mamuda ya gyara zaman ƙafarsa, ya yi ajiyar zuciya.

"Kwafi ɗaya ne tak a duniya. Tun a Jos na damƙa wa aminina amana." Ya juya sandarsa a hankali, ya tsayar da ita a kan tumbin Haladu. "Yau kam na yafe, Haladu. Ka nuna musu."

Ka taɓa ganin mutum ya rame a zaune? Ni na gani, kuma nawa ganin na gaskiya ne.

Haladu ya ce ai kaset ɗin ya tsufa. Mudi ya ce bidiyonsa na cin tsoho. Haladu ya ce ɗan mabuɗin akwatin da ya ajiye shi ya ɓata. Wani kafinta ya ɗaga guduma. Haladu ya ce ƙafarsa ta yi tsami. Aka ɗauke shi cak, da shi da kujerar, sai ƙofar gidansa, ana tafe ana waƙar fim ɗin.

Muka tsaya a waje, Mudi ya yi sallama a zaure. Uwale ta amsa daga bayan labule, kuma daga jin muryar ka san yinin nan neman talotalo aka yi.

"Matar gida, ki yi haƙuri," in ji Mudi. "Wani kaset muka zo karɓa, wanda Malam Haladu ya daɗe yana ɓoyewa."

"Uwale!" Haladu ya ƙwala daga kan kujera. "Ce musu babu wani kaset a gidan nan!"

"Wanda ke ƙarƙashin katifa?" in ji Uwale. "Cikin tsohuwar safa? Wanda ka ce in wani ya gani ka shiga uku?"

Jama'a suka ce, "Shi ne!"

"Baban Safiya," in ji Uwale, "ina talotalona?"

Haladu ya kawar da kai. Can sai hannu ya fito ta gefen labule riƙe da safa.

Aka sake ɗaukar sa, aka mayar da shi gaban talabijin. Duk hanya addu'a yake yi a ɗauke wuta. Ranar kuwa wuta ta zauna daram. Bidiyon Mudi da ya saba tauna kaset, ya karɓi wannan lafiya lau, ƙwas!

Hoto ya fito tangaram. Ga rumfa, ga tabarmi, ga mutane cikin manyan riguna. Ga Mudi da sauran gashi a kansa, yana washe baki ana ba shi hannu.

"Wannan ai bikina ne," in ji Mudi a hankali.

Kyamara ta bi layin masu cin abinci, ta tsaya a kan wani saurayi shi kaɗai gaban farantin kaji. Saurayin ya dubi dama, ya dubi hagu. Cinya ɗaya ta shige aljihun dama. Cinya ta biyu ta shige na hagu. Aljihu ya cika, kaza ba ta ƙare ba. Sai ya cire hularsa, ya jera ƙirji da fukafukai a ciki, ya mayar da ita kansa, ya danna, ya gyara mata karin gaba.

Mai ɗaukar hoton, Allah ya saka masa da alheri, sai ya matso da fuskar har ta cika talabijin. Haladu ne, ba ko tantama. Mai ya gangaro daga ƙarƙashin hula, ya bi ta goshi, ya tsaya a kan karan hanci yana lilo. A nan ya lura ana ɗaukar sa. Ya haɗe hannu, ya sunkuyar da kai cikin natsuwa, ya ce, "Allah ya ba da zaman lafiya." Fiffike ɗaya ya leƙo ta bayan kunnensa.

Fanka kawai ake ji.

Sai Tukur ya ce, "Mudi, mayar da shi baya."

Daga nan ban san abin da ya faru ba, don a ƙarƙashin benci na tsinci kaina. Wani direba sai da aka yi masa fifita. Alhaji Mamuda kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya dubi talabijin, ya dubi Haladu, ya girgiza kai.

"Da na san kana da wannan baiwar," in ji shi, "da kai muka saka a rijiyar."

Ya dogara sandarsa ya fita, ya ce ana jiran sa da farfesun talotalo.

Tun daga ranar Ramuwar Tsalha ya samu ƙarshe. Duk Juma'a in an kai wurin shuuu, sai Mudi ya zare kaset ya saka kashi na biyu. Har daga Malumfashi ake zuwa kallo. An haddace shi tsaf: dama, hagu, aljihu, aljihu, hula. In man nan ya iso kan hanci, ɗaki gaba ɗaya sai ya haɗe hannu ya sunkuyar da kai, a ce, "Allah ya ba da zaman lafiya."

Juma'ar farko Haladu ya lallaɓo ya raɓe a bencin baya, kusa da ƙofa. Mudi da kansa ya je ya kamo hannunsa, ya jawo shi gaba, ya kakkaɓe masa kujerarsa ta roba, ya juyo masa da fanka.

"Haba, Malam Haladu," in ji shi. "Ina ka taɓa ganin jarumi ya zauna a baya?"