Yadda Ake Danne Katako a Injin Leza Don Burge Suruki

Bi matakan nan shida, na lamunce maka surukinka ba zai sake manta sunanka ba. Ni Rilwanu, mai yanka alluna da leza, injin da ke ƙona rubutu a katako da haske, a Batsari, na gwada su a kan Alhaji Barau, mahaifin matata Mahfuza.

1. Cika baki.
Ka je gaisuwa, ka durƙusa, ka ce, "Baba, rumfar hatsinka ta fi ƙarfin rubutun fenti." Ka yi alkawarin allo mai ɗauke da BARAU MAI AMANA kafin ranar kasuwa.

2. Zaɓi katako.
Ɗauko fallen da ya sha danshin damina har ya yi doro. Hasken leza ba ya cin wurin da ya tashi, amma gwani ba ya tsoron doro.

3. Buga kilif.
Sa injin narka roba ya fitar maka da kilif takwas masu danne katako ya kwanta. Ka kai su gida don Mahfuza ta ga mijin da ta aura. Da safe za ka tarar da su a igiyar shanya, sun riƙe zannuwa. In ka yi magana za ta ce, "Ai sun fi na kasuwa kamu. Bari kayan su bushe."

4. Nemi madadi.
Ɗora dutse a kowace kusurwa. Tsakiyar za ta ƙara tashi. Kunna injin ka tafi shan shayi, don tsayawa a kansa raina shi ne.

5. Kada ka duba.
Naɗe allon a buhu, ka hau babur. Dubawa aikin masu shakka ne.

6. Buɗe a gaban jama'a.
Jira har dillalan garuruwan Runka da Tsaskiya su cika rumfar. Da na zare buhun, tsakiyar rubutun ba ta fito ba. Abin da ya rage shi ne BA AMANA.

Alhaji ya karanta sau biyu. Bai ɗaga murya ba.

"Rilwanu, aiki ya yi kyau. Sai dai ka yi kuskuren rumfa."

Da la'asar ya zo da kafinta, aka kafa allon a ƙofar shagona da ƙusa shida. Suruki ne ya kafa, ba ni da ikon cirewa.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, babu ruwana. In ka nace sai ka zo ƙorafi, karanta allon tukuna.