Sanarwar Rasuwar Modem Ɗin Gidan Pyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushi kuma, ni Pyo Man-gap, masunci a tsibirin Wando, ina sanar da rasuwar modem ɗina, akwatin da ke haɗa kwamfutata da layin tarho. Tsawa ce ta kashe shi ranar Talata da hantsi. Shekararsa uku.

Marigayi bai taɓa shiga aiki a ɓoye ba. Sai ya yi ƙiii, ya yi ƙurrr, ya yi shaaa, sannan ya haɗa ni da Eom Deok-chil, wanda muke buga darar baƙi da fari tun muna samari. Ɗansa ya ɗauke shi zuwa birnin Daegu mai nisa, dara ta koma ta waya.

Ya yi jinya tun farkon damina. Layi ya riƙa yankewa. Na sake waya. Na kankare gishirin teku daga bakin soket da wuƙar kifi. Na hana kowa ɗaga tarho. Na kwantar da marigayin kwana biyu cikin buhun shinkafa don ya sha iskar bushewa. Mai gyara ya zo, ya ci abincina, ya ce layi lafiya lau. Na mare shi sau ɗaya, marigayin nake nufi, kuma ya haɗa.

Ranar da ya cika, na kewaye duwatsun Eom a kusurwar dama. Saura sawa biyu in cinye shi, karo na farko cikin shekara shida. Sai walƙiya, sai ƙauri. A ƙa'ida, wanda layinsa ya yanke minti goma an ci shi.

Da rana Eom ya bugo mini tarho gidan maƙwabcina. Ya ce, "Tsohon kifi, ka ga mutuwa ka zare waya ko?" Ya faɗa wa duk tsofaffin da ya sani. Ni da ban taɓa juya jirgi don iska ba.

Marigayi ya bar kwamfuta wadda ta zama kurma, da tarho, da waya kamu goma, da wasa ɗaya da ba a gama ba.

Gawa na kan teburin cin abinci, da farin fure a gabanta. Zaman makoki kwana uku. Akwai miya mai yaji da giyar shinkafa. Mai gyara kada ya zo. Eom kuwa dole ya hau jirgin ruwa ya zo, ya rusuna sau biyu, ya sa hancinsa ya shaƙi ƙaurin, ya janye maganarsa a gaban mutane. Bayan haka za a binne marigayi a gindin bishiyar bayan gida.

Yau kwana na huɗu. Matar ɗana ta ce, "Baba, Kawu Eom ya ce gwiwarsa ba za ta iya jirgi ba. A binne mana abin nan, a ƙasa muke ta cin abinci."

Na ce, "Ba za a binne shi ba."